Idan Bidiyo Na Cijewa A Kwamfuta: Yadda Ake Gano Bakin Zaren Kafin A Kashe Kuɗi

Mai ɗaukar hoto ya kawo bidiyon biki a filas, an taru a falo, an jona kwamfuta da talabijin. Ba a yi minti ɗaya da farawa ba sai amarya ta ƙame a allo, kiɗa na ta tafiya abinsa. Can sai hoton ya zabura ya tarar da sautin, ya sake cijewa. Abin haushin, wannan bidiyon dai lafiya lau yake tafiya a wayar ƙanenka.

Washegari idan ka kai kwamfutar shago, ɗayan biyu za ka ji: ko a ce sai an yi mata fomat, ko a ce sai an ƙara RAM. Wani lokacin a dace. Sau da yawa kuwa sai ka biya kuɗi, ka rasa fayilolinka, ka dawo gida bidiyon na nan yana cijewarsa. Cijewar bidiyo alama ce kawai, kamar zazzaɓi, kuma abubuwan da ke kawo ta sun kai bakwai ko takwas. Kowanne yana da inda yake nuna kansa. Da haƙurin rabin awa, kai da kanka za ka iya gano wanne ne, ba tare da ka kwance ko noti ɗaya ba. Sharaɗi ɗaya ne: abu ɗaya za ka riƙa canzawa, ka gwada, sannan ka taɓa na gaba. Wanda ya juya saiti biyar lokaci guda, ko ya gyaru bai san me ya gyara ba, idan ya ƙara lalacewa kuma bai san inda zai koma ba.

Me kwamfutar ke yi ne a lokacin da kake kallo?

Bidiyo hotuna ne a jere da ake haska maka da sauri, 24 ko 25 ko 30 ko 60 a kowace daƙiƙa. Hoto ɗaya na 1080p ɗigo 1920 ne a kwance, 1080 a tsaye, wato ɗigo miliyan 2 da 'yan kai. Na 4K ya ninka wannan sau huɗu. Da za a ajiye hotunan yadda suke, minti ɗaya na 1080p zai ci kusan gigabait 11. Shi ya sa ake matse su da wata dabara da ake kira kodek, kamar yadda ake ɗaure dilar auduga. Lokacin kallo dole kwamfuta ta kwance kowane hoto ta kai shi allo kafin lokacinsa ya wuce. A bidiyo mai hoto 30 a daƙiƙa, kowane hoto yana da kashi 33 cikin dubu na daƙiƙa. A mai 60, rabin haka. Hoton da bai shirya a kan kari ba, watsar da shi ake yi a wuce. Wannan watsarwar ita ce cijewar da idonka ke gani. Sauti kuwa ba shi da nauyi, shi ya sa yake ci gaba ba ruwansa.

Fara da raba intanet da kwamfuta

Idan a YouTube ko Facebook kake kallo, tambayar farko ita ce, kayan ne ba su iso ba, ko sun iso an kasa sauke su? Alamar ta bambanta. Idan netwok ne, hoto da sauti tare suke tsayawa, da'irar nan ta fito tana juyawa. Idan kwamfutar ce, sauti na tafiya, hoto na tsalle.

YouTube ya sauƙaƙa wannan binciken. Danna maɓallin dama na linzami a kan bidiyon, ka zaɓi Stats for nerds. Wani ɗan baƙin akwati zai fito. Duba layin da ke ƙirga hotunan da aka watsar, inda aka rubuta dropped. Idan lambar na hawa ɗari-ɗari, kwamfutar ce ta gaza. Idan tana nan kusa da sifili amma layin Buffer Health na ƙarewa yana komawa sifili, laifin netwok ne. YouTube da kansa ya ce 720p na buƙatar megabit 2.5 a daƙiƙa, 1080p na buƙatar 5, 4K kuma 20, kuma gudun da zai ɗore ake nufi, ba wanda zai hau ya faɗo ba. Ka kuma yi lissafin aljihunka: megabit 5 a daƙiƙa na nufin fiye da gigabait 2 a awa guda.

In netwok ne, maganin ba ya da yawa. Matso da MiFi ko wayar da kake jan data kusa da taga, ko ka jona ta da kebul maimakon iska. Duba ko Windows na sauke sabuntawa a ɓoye. Sanya haɗin a matsayin Metered connection yana rage wannan. Ko kuma ka sauko zuwa 720p, wanda a allon laftof mai inci 14 da wuya ka ga bambancinsa da 1080p, balle ma yawancin tsofaffin laftof allonsu 1366 da 768 ne, ko ka zaɓi 1080p ba su da ɗigon da za su nuna shi.

Daga nan zuwa ƙasa, maganar bidiyon da ya riga ya iso ce.

Buɗe Task Manager ka ga wa ke gumi

Kunna bidiyon da ke cijewa, ka bar shi yana tafiya, sai ka danna Ctrl da Shift da Esc tare. Shiga shafin Performance. Abubuwa huɗu za ka sa wa ido: CPU, Memory, Disk da GPU.

Idan CPU, wato furosesa, na tsakanin 90 da 100 cikin ɗari, a ɓangaren GPU kuma, wato girafik mai sarrafa hoto, zanen da ke ƙarƙashin Video Decode na kwance bai motsa ba, to ka kama ɓarawonka. Wannan shi ne mafi yawan abin da nake tararwa, kuma bayaninsa na tafe. Idan Memory, wato RAM, ya haura 90 kuma Disk na manne a 100, to a nan ne maganar ƙara RAM take da gaskiya. Idan duk suna ƙasa-ƙasa amma bidiyon na cijewa, ka kalli lambar da ke ƙarƙashin Speed a shafin CPU. Furosesar da ya kamata ta yi gudun 2.5 GHz ka gan ta a 0.79, akwai abin da ya taka mata birki, ko zafi ko caja.

Kafin ka bar wajen, leƙa shafin Processes ka jera su bisa cin CPU. Wani lokacin ba bidiyon ne ke cinye ƙarfin ba. Riga-kafin bairos na bincike, ko burauza mai shafi ashirin a buɗe, ko wata manhaja mai baƙon suna da ta shigo ta hanyar manhajojin sata. Rufe su ka sake gwadawa.

Ɗan tsokaci: shafin GPU ya shigo Task Manager ne a sabuntawar Windows 10 ta ƙarshen 2017, kuma ba ya fitowa a kwamfutocin da direban hotonsu, wato manhajar da ke haɗa Windows da girafik, ya tsufa sosai. In ba ka gan shi ba, lambar CPU kaɗai ta isa ta ba ka labari.

Kodek da shekarun kwamfutarka

Wannan ne ƙashin bayan zancen, don haka bari mu zauna a kansa.

A cikin kwamfuta akwai wani ɗan sashe da aka gina musamman don kwance bidiyo, yana zaune a ɓangaren hoto, wato girafik. Aikinsa ke nan, ba ya yin wani, kuma yana yin sa ba gumi, ba cin batir. Amma iya kodek ɗin da aka ƙera shi da sani kaɗai yake ganewa. Idan aka kawo masa wanda aka ƙirƙiro bayan haihuwarsa, sai ya naɗe hannu, aikin ya faɗo kan furosesa. Furosesa za ta iya, amma kamar a ce wa mai injin niƙa injinsa ya tsaya ne ya koma turmi. Tiya ɗaya za ta daku, buhu kuwa sai an kwana.

Kodek huɗu ne ke yawo a yau. H.264, wanda ake kuma kira AVC, ya fito a 2003, kusan duk kwamfutar da aka ƙera daga wajajen 2011 zuwa yau ta san shi. H.265, wato HEVC, ya fito a 2013. Yana matse bidiyo ya ƙanƙance sosai a kan H.264, amma kwance shi ya fi wuya. VP9 na kamfanin Google shi ma 2013 ne, shi YouTube ke yawan turowa. Sai AV1 na 2018, autansu kuma mafi nauyinsu.

Yanzu ka duba furosesarka. A shafin CPU na Task Manager an rubuta sunanta a sama. A furosesar Intel, lambar farko bayan ɗan layin ita ce zuriyarta, daga zuriya ta 10 kuma lambobi biyun farko: i5-3320M zuriya ta 3 ce, i5-6300U ta 6, i5-8250U ta 8, i5-1135G7 kuma ta 11. Ga yadda abin yake. Zuriya ta 2 zuwa ta 5, H.264 ne abin dogaronsu. Zuriya ta 6, wadda ta fito a 2015, ita ta fara kwance HEVC na yau da kullum gaba ɗaya da kanta. Ta 7 ta ƙara da HEVC mai bit 10, wato mai yawan launuka, da VP9. AV1 sai daga ta 11, a 2020. A ɓangaren Nvidia, jerin GTX 10 sun iya HEVC, AV1 kuma daga RTX 30 ya fara.

Ka ga ke nan kalmar Core i7 da 'yan kasuwa ke cika baki da ita ba ta ce komai ba a wannan fagen. Core i3 ta zuriya ta 8 za ta kunna bidiyon 4K na HEVC tana hutawa, alhali Core i7 ta zuriya ta 3 fankarta na kuka tana watsar da hotuna. Yawancin laftof na hannu da ke cika kasuwanninmu, daga Ikeja har Kano, tsofaffin kwamfutocin ofisoshin Turai da Amurka ne. Ƙarfe ne masu juriya, amma da yawansu sun girmi HEVC. Wayar ƙanenka kuwa, ko ta kuɗi kaɗan ce, sabuwar haihuwa ce, ta zo da sashen da ya san kodek ɗin. Sirrin ke nan, ba wai ta fi kwamfutar ƙarfi ba.

Don sanin kodek ɗin fayil, buɗe shi a manhajar kallo ta VLC ka danna Ctrl da J. Za ka ga layin Codec, da girman hoton, da adadin hotuna a daƙiƙa. Kada wutsiyar sunan fayil ta ruɗe ka: MP4 da MKV mazubi ne kawai, kamar kwano, ana iya zuba kowane irin kodek a ciki. Sau da yawa ma sunan fayil ɗin na tona kansa. Ka ga x265 ko HEVC ko 10bit ko 2160p, ka san mai nauyi ne. Ka ga x264, mai sauƙi ne, sai dai fa H.264 mai bit 10, wanda kusan babu girafik ɗin kwamfutar gida da ke kwance shi, amma ba a cika cin karo da shi ba. A wannan tagar dai akwai shafin Statistics, inda VLC ke ƙirga hotunan da suka zube ƙarƙashin Lost. Da wannan lambar za ka riƙa auna ko gyaran da ka yi ya yi amfani, maimakon dogaro da ido.

Bidiyon waya ma na cikin wannan. Tun daga iOS 11 a 2017, iPhone na ɗaukar bidiyo da HEVC sai in an canza. Daga iPhone 12 kuma har da HDR, wato hoto mai ƙarin haske da launi, mai bit 10. Mai son bidiyonsa ya buɗe a kowace kwamfuta sai ya shiga Settings, Camera, Formats, ya zaɓi Most Compatible. Wayoyin Android da yawa su ma suna da makamancin wannan a saitin kyamara.

Wata dabara da nake ba kowa: ka ajiye ɗan gajeren bidiyo na 720p mai H.264 wanda ka tabbatar lafiyarsa ƙalau. Duk ranar da wani fayil ya cije, kunna wannan. In ya tafi sumul, matsalar daga sabon fayil ɗin take. In shi ma ya cije, kwamfutar ce ba ta da lafiya.

Direban hoto

Ko da girafik ɗinka ya san kodek ɗin, ba zai taɓa aikin ba sai da direbansa. Ga inda fomat ke yin ɓarna. A sake wa kwamfuta Windows a gurguje, ba a jona ta da intanet ba, a miƙo maka ita. Komai na buɗewa, kai ka ɗauka an gama. Danna maɓallin dama a kan tambarin Windows, zaɓi Device Manager, buɗe Display adapters. In ka ga Microsoft Basic Display Adapter, to babu direba, kwamfutar na tafiya ne da na wucin gadi, kuma duk aikin bidiyo na kan furosesa. Wata alamar ita ce hasken allo ya ƙi raguwa ko ƙaruwa.

Na taɓa ɓata yamma guda a kan wata laftof da ko 720p ba ta iya kunnawa, ina ta zargin zafi, har na kwance ta na share. Ashe abin da ya rage kawai ke nan. Minti goma na sauke direba, magana ta ƙare. Tun daga ranar nan, Device Manager nake fara leƙawa.

Sauke direban daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, ta hanyar rubuta lambar samfurinta, ko daga shafin Intel, AMD ko Nvidia. Ka guji manhajojin nan masu alkawarin sabunta duk direbobi da dannawa ɗaya. Talla da shara suka fi kawowa. Idan kuma cijewar ta fara ne bayan wata sabuntawa, a Device Manager ɗin dai, cikin Properties, shafin Driver, akwai Roll Back Driver da zai mayar da kai na baya.

Saitin manhajar kallo

Manhajar kallo da ke zuwa da Windows ba ta buɗe HEVC sai an saka mata ƙarin HEVC Video Extensions daga Microsoft Store. VLC ba ya buƙatar wannan, da kayansa yake tafe. Ka tabbatar dai naka 3.0 ne ko sama, domin daga wannan fitowar ta 2018 ne ya fara miƙa wa girafik aiki kai tsaye ba sai an ce masa ba. Har yanzu akwai masu yawo da VLC na shekara goma a filas suna saka wa mutane.

A VLC shiga Tools, Preferences, Input / Codecs. Layin farko shi ne Hardware-accelerated decoding. In yana kan Disable, mayar da shi Automatic. In yana kan Automatic kuma ana cijewa, gwada Direct3D11, sannan DXVA 2.0, wanda tsofaffin kwamfutoci suka fi jituwa da shi. Kowane canji sai ka adana, ka rufe VLC, ka sake buɗewa. Idan hoton na yin kore-kore ko yana farfashewa, gwada Disable ɗin ma, don wani lokacin direban ne ke da aibu.

A wannan shafin akwai Skip H.264 in-loop deblocking filter. Mayar da shi All yana sauke wa furosesa kaya, hoton ya ɗan rage laushi kaɗan. Ga tsohuwar Core 2 Duo, wannan kaɗai kan raba ta da cijewa a 1080p.

Idan VLC ya ƙi, gwada MPC-HC ko mpv, dukkansu kyauta ne kuma marasa nauyi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne tara tarin kodek kala-kala a kwamfuta ɗaya, wannan a kan wancan. Rikici suke haddasawa.

A burauza kuma, Chrome da Edge suna da maɓalli a Settings, ƙarƙashin System, mai suna Use graphics acceleration when available. Ya kasance a kunne. Don tabbatarwa a Chrome, rubuta chrome://gpu a wajen adireshi, ka nemi layin Video Decode, ka ga ko an rubuta Hardware accelerated. Sai ka koma akwatin nan na Stats for nerds ka duba layin Codecs: avc1 shi ne H.264, vp09 shi ne VP9, av01 shi ne AV1. In furosesarka ta girmi zuriya ta 7 kuma YouTube na turo maka vp09 ko av01, saka ƙarin burauza mai suna h264ify ko enhanced-h264ify. Yana tilasta wa YouTube ya turo H.264. Ba za ka samu sama da 1080p ba, kuma yakan ɗan fi cin data, amma za ka ga CPU ta faɗo daga ƙololuwa ta dawo ƙasa, fanka ta yi shiru.

Zafi, ƙura da caja

Ga wata alama da ba ta ɓuya: bidiyo ya fara lafiya, bayan minti goma ko sha biyar ya soma cijewa, fanka na ihu, ƙasan laftof ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Furosesa idan ta doshi digiri 95 zuwa 100 takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. A watannin bazara, lokacin da zafin gari ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, iskar da fanka ke ja ma mai zafi ce. Ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe ragar da iskar ke fita, ta zama kamar bargo.

Saka manhajar auna zafi, Core Temp ko HWMonitor, ka kunna bidiyon, ka zuba wa lambar ido. In ta wuce 90 a kallon bidiyo kawai, akwai gyara. Matakin farko kyauta ne: ɗauke ta daga kan katifa, filo ko darduma, ka ɗora a kan tebur ko faranti, ka ɗan ɗaga bayanta da littafi don iska ta shiga ta ƙasa. Na biyu, kashe ta, cire caja, ka hure ragar da abin hura iska. Ka sa tsinke ka riƙe fankar kada ta yi ta juyawa da ƙarfin iskar, hakan na lalata ta. In kwamfutar ta shekara uku ko fiye ba a buɗe ta ba, a kai wa mai gyara ya share ciki ya canza man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta. Man nan bushewa yake yi ya zama kamar alli. Ka ce a goge tsohon tas kafin a sa sabo, kuma ɗan kaɗan ake sawa.

Sai batun wuta. Da an ɗauke wuta laftof ta koma kan batir, Windows kan rage mata gudu don tattali. In ka lura cijewar na zuwa ne idan babu wuta, duba Power mode a saitin batir ka kai shi Best performance, ka kashe Battery saver. A Settings, ƙarƙashin Apps, akwai Video playback, inda za ka zaɓi ingancin bidiyo a kan tsawon ran batir.

Caja ma na da hannu. Wasu laftof suna tantance cajar da aka jona musu. In ba su gane ta ba, ko ƙarfinta bai kai ba, misali mai watt 45 a inda ake son 65 ko 90, sai su daƙile furosesa. A nan ne ake ganin 0.79 GHz ɗin nan ko da kwamfutar a sanyaye take. Gwajin mai sauƙi ne: zare cajar ana cikin kallo. In bidiyon ya warware nan take, cajar ce. Ari ta asali a wajen wani ka tabbatar kafin ka saya.

Filas da hadis

Bidiyon 1080p na yau da kullum bai fi megabait 1 zuwa 2 yake ja a daƙiƙa ba, ko tsohuwar kafar USB 2.0 ta fi ƙarfin wannan nesa ba kusa ba. Don haka lafiyayyen filas ba ya kawo cijewa. Jabu ko wanda ya gaji shi ke kawowa. Kwafe fayil ɗin zuwa cikin kwamfutar ka kunna daga can. In ya tafi daidai, ka san inda matsalar take. In kullum a wuri ɗaya yake cijewa, a minti kaza daƙiƙa kaza, a kowace kwamfuta, fayil ɗin ne ya lalace wajen kwafa ko saukewa, babu saitin da zai gyara shi, sai a sake karɓo shi.

Idan Disk na manne a 100 ko kana jin ƙas-ƙas daga ciki, saka CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar hadis. Ya nuna Caution da ruwan ɗorawa, to ka bar maganar bidiyo tukuna, ka kwashe muhimman fayilolinka yau ɗin nan. Canza hadis zuwa SSD, ma'ajiyar zamani mai sauri, na sa komai na kwamfuta ya yi sauri, amma fa ba ya koya wa girafik kodek ɗin da bai sani ba. Haka RAM. Daga gigabait 4 zuwa 8 taimako ne babba ga mai kallo a burauza, musamman in aka sa guda biyu masu girma ɗaya, saboda girafik ɗin Intel daga RAM yake ɗiban nasa. Amma Core i5 ta zuriya ta 3 ko ka cika ta da gigabait 16, 4K na HEVC zai ci gaba da gagarar ta.

Idan a talabijin ne kawai

Wani lokacin a allon laftof lafiya, da an jona HDMI sai a fara. Danna maɓallin Windows da P, ka zaɓi Second screen only, don kada girafik ya riƙa ciyar da allo biyu. In talabijin ɗin 4K ce, ka sani tsohuwar kafar HDMI 1.4 ba ta iya tura 4K sama da sau 30 a daƙiƙa, har linzami za ka ga yana jan ƙafa. Sauke girman allon zuwa 1920 da 1080 a saitin Display, talabijin ɗin za ta buɗa shi da kanta.

Akwai kuma wata 'yar girgiza da ba cijewa ba ce, wadda ake gani idan kyamara na juyawa a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. VLC bai watsar da ko hoto ɗaya ba, CPU na hutawa, amma tafiyar ba ta yi santsi ba. Lissafi ne bai faɗa daidai ba. Tsarin talabijin na Najeriya da Nijar da Turai a kan 50 yake, don haka kyamarori da yawa a nan hoto 25 ko 50 suke ɗauka a daƙiƙa. Allon kwamfuta kuwa sau 60 yake sabunta kansa. 25 ba ya shiga 60 cif, sai wani hoton ya tsaya sau biyu, wani sau uku. Shiga Advanced display a saitin allo, ka mayar da talabijin ɗin 50 Hz, girgizar za ta ɓace. Ga finafinai masu hoto 24, yawancin talabijin na karɓar 24 Hz.

In an tabbatar kodek ne ya fi ƙarfinta

Ka duba komai, direba na nan, babu zafi, fayil lafiya, amma HEVC ne mai bit 10 kuma furosesarka ta zuriya ta 4 ce. Ba sai ka sayi sabuwar kwamfuta ba. Juya fayil ɗin zuwa abin da ta sani. HandBrake, manhajar juya bidiyo, kyauta ne. A Windows zai nemi ka saka .NET Desktop Runtime kafin ya tashi. Buɗe fayil ɗin a cikinsa, a Preset zaɓi Fast 1080p30, ko Fast 720p30 in kwamfutar ta tsufa sosai. A shafin Video ka tabbatar Video Encoder na kan H.264. In bidiyon mai hoto 25 ne, sa Framerate a Same as source. In daga waya ya fito, zaɓi Constant Framerate, saboda wayoyi kan riƙa sauya adadin hotuna ana cikin ɗauka, abin da ke sa baki da murya su saɓa. In asalin HDR ne kuma ka ga launin ya koɗe bayan juyawa, koma shafin Filters ka sa Colourspace a BT.709. Sannan Start Encode.

Aikin na da cin lokaci. A tsohuwar laftof, bidiyon awa biyu na iya cin awanni da yawa, furosesa na aiki iya ƙarfinta, don haka a yi shi lokacin da wuta ta zauna, a kan tebur, ba a kan gado ba. Fara gwadawa da minti ɗaya: a saman tagar, wajen Range, canza Chapters zuwa Seconds ka sa daga 0 zuwa 60, ka ga ko sakamakon na tafiya kafin ka saki duka.

Mafi sauƙi ma, tun kafin mai ɗaukar hoton biki ya haɗa aikinsa, ka ce masa ya fitar maka da kwafi biyu: na 4K don ajiya, da na 1080p mai H.264 don kallo a gida da tura wa dangi. A wajensa 'yan dannawa ne kawai. Ranar da kuma ka tashi sayen wata laftof ta hannu, ka tafi da filas ɗauke da gajeren bidiyon 4K na HEVC, ka kunna shi a gaban mai shagon, ka buɗe Task Manager, ka ga ko zanen Video Decode ya motsa kafin ka ƙirga kuɗi.